Yaƙin Normandi a Kan Tebur: Mu Ari Dabarar, Mu Zuba Namu Tarihin



A Turai da Amurka akwai wata kasuwar gwanjo da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba. Abin da ake saye da sayarwa a cikinta tsofaffin kwalaye ne na wasan yaƙi, irin wanda ake shimfiɗawa a kan tebur, tare da takardun da ke tafiya da su. Kowace takarda tana ɗauke da faɗa guda na Yaƙin Duniya na Biyu: sunan ƙauyen da aka gwabza a Faransa ko Beljiyam ko Holan, ranar da aka yi, ƙarfin kowane ɓangare, inda kogi yake, inda gada take, inda gona ta ƙare daji ya fara. Bari mu kira ta takardar fage. Wanda ya gama da tasa sai ya sayar wa wani, wani ya gaji ta mahaifinsa, wani kuma yana cigiyar wadda aka daina bugawa tun shekara talatin. Mai tonon dilar kayan wasan yara a kasuwa yana iya cin karo da irin wannan kwali, rabin 'ya'yansa sun zube, ya ɗauka wani nau'in ludo ne ya ture shi gefe.

Ra'ayina a kan wannan abu a fili yake. Kwalin ba namu ba ne, kuma ba na kiran kowa ya kashe kuɗinsa a kai. Dabarar da ke cikinsa kuwa muna bukatarta ƙwarai a ƙasar Haɗejiya, musamman mu da ke zaune a fadama, daga Guri zuwa Kirikasamma. Mutanen nan sun gano hanyar da yaro zai san ƙasarsu taku-taku, ya san abin da ya faru a kanta, ba tare da an tsare shi da bulala ya yi hadda ba. Mu muna da ƙasar, muna da tarihin, muna da yaran. Hanyar ce muka rasa.

Ga yadda wasan yake ga wanda bai taɓa gani ba. Ana shimfiɗa taswira da aka yanka gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Wani gidan fili ne, wani tudu, wani kurmi, wani ruwa, wani kuma ƙauye. Ana ɗora 'ya'yan wasa, ko dai ƙananan kwalaye masu lamba ko 'yan sojojin roba, kowanne yana wakiltar wata ƙungiyar soja. Takardar fage ce ke faɗin inda kowa zai fara, da abin da ake so ya cim ma, da adadin zagayen da aka ba shi. Misali a ce: ka riƙe gadar nan har zagaye na shida, in ta kuɓuce maka kafin nan an cinye ka. Ɗan wasa a fili yana tafiya da sauri amma a buɗe yake ga harbi. A kurmi yana da mafaka amma tafiyarsa ta ragu. Duk wanda ya iya dara zai gane abin nan da nan. Bambancin shi ne gurabun dara talatin ɗin nan duk ɗaya suke, a nan kuwa kowane gurbi da halinsa, domin an kwaikwayo shi ne daga wata ƙasa ta gaske.

Asalin abin ma ba na yara ba ne. A 1824 wani ƙaramin hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa shugabannin sojan Furushiya, wadda daga baya ta zama ɓangaren Jamus, wani wasa na taswira da alƙali a tsakiya, suka karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin wasa da 'yan sojojin dalma don mutanen gari. Kamfanin Avalon Hill na Amurka, wanda aka kafa a 1958, shi ya mayar da abin kasuwa. Ya fitar da Squad Leader a 1977, sannan Advanced Squad Leader a 1985, kuma har yau ana rubuta wa wannan na biyun sababbin takardun fage. A 2004, lokacin cika shekara 60 da saukar sojojin ƙawance a Normandi, aka fitar da Memoir '44, wanda aka sauƙaƙa yadda uba da ɗansa za su zauna su buga cikin awa guda.

To me yaro yake koya a ciki? Mu ɗauki Normandi ɗin. Ranar 6 ga Yuni 1944 sojoji kimanin 156,000 na Amurka da Ingila da Kanada da abokansu suka sauka a gaɓar arewacin Faransa. Da suka wuce bakin teku sai suka faɗa cikin ƙasar manoma wadda aka yanyanka ƙananan gonaki, kowace gona an kewaye ta da tudun ƙasa mai tsayi, bisa tudun kuma shinge ne na itatuwa masu saiwa da suka shekara ɗaruruwa. Tankar yaƙi in ta yi ƙoƙarin hawa sai cikinta ya bayyana a harbe ta. Jamusawa kaɗan da bindiga a kusurwar gona suna iya tsayar da ɗaruruwan mutane yini guda. Garin Saint-Lô bai shiga hannun Amurkawa ba sai 18 ga Yuli, mako shida bayan saukarsu. Wani sajan mai suna Curtis Culin ya yi suna da dabarar liƙa wa tanka haƙoran ƙarfe a gaba don ta huda tudun, kuma da ƙarafan da Jamusawa suka dasa a bakin teku aka ƙera haƙoran. Yaron da ya buga wannan fage sau uku, aka cinye shi sau uku a bakin shinge ɗaya, ba zai sake mantawa da dalilin da ya sa tafiyar kilomita kaɗan ta ci makonni ba.

Akwai wani fagen da mutumin Guri zai fi Bature saurin ganewa. Kafin saukar, Jamusawa sun tare ruwa suka malala shi cikin fadamun kogunan Douve da Merderet, a bayan gaɓar da ake kira Utah. Ciyawa ta tsiro ta rufe ruwan, masu ɗaukar hoto daga jirgin sama suka ga kore shar, aka zaci makiyaya ce. Da dare sojojin laima na Amurka suka diro, da yawansu suka faɗa ruwan, nauyin kayan da ke jikinsu ya danne su suka nutse. Waɗanda suka tsira sai da suka yi kwanaki suna faɗa a kan wata siririyar hanya mai tudu da ta ratsa ruwan a La Fière. Wa zai koya wa ɗan Abunabo ko Kadira cewa ciyawa kan ɓoye ruwa? Wa zai faɗa masa cewa da damina wanda ya riƙe hanya ɗaya mai tudu ya riƙe gari? Ya san wannan tun yana bin mahaifinsa gona. Abin da ba a taɓa nuna masa ba shi ne cewa wannan sanin nasa ilimi ne, irin wanda manyan janar-janar suka rasa har ya ci rayukan mutanensu.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Waɗannan kwalaye suna koyar da ƙasa da kyau, amma akwai abubuwa biyu da suke bari a waje, kuma wajibi ne mu lura da su kafin mu kwaikwaya.

Na farko, masu gonar. A kan taswirar wasa za ka ga gida da coci da gona, amma da wuya ka ga mai gidan. Alhali fararen hula Faransawa kimanin 20,000 ne suka mutu a yaƙin Normandi, da yawansu a ƙarƙashin bama-baman waɗanda suka zo 'yanto su. An rushe mafi yawan birnin Caen. Ranar 10 ga Yuni 1944 sojojin Jamus suka hallaka sama da mutum 640 a ƙauyen Oradour-sur-Glane, maza da mata da yara. Wasan da ya mai da ƙauye gurbin mafaka kawai ya koya wa yaro rabin gaskiya. Mu da muke ganin 'yan gudun hijira da idonmu a garuruwan Arewa ba mu da uzurin yin irin wannan mantuwa.

Na biyu, mu kanmu. Baƙaƙen fata sun zubar da jini a ƙauyukan Faransa. Faransa ta kwashi sojoji daga duk ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. A watan Yuni 1940, a Chasselay kusa da birnin Lyon, Jamusawa suka ware sojojin Afirka da suka miƙa wuya daga Turawan da ke tare da su, suka harbe su. Maƙabartarsu tana nan har yau. A watan Agusta 1944 sojojin Afirka suna cikin rundunar da ta sauka a kudancin Faransa. Namu na Nijeriya kuwa Ingila ta kai su Somaliya da Habasha a 1941, sannan ta kai su Bama su yi yaƙi da Japan. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da aka fi ji a sansaninsu, sun yi yaƙi a tsaunuka da dazukan Arakan. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, ta jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi, sauran kayan kuma a ka ake ɗauka. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung.

Ku duba wani abu. Sojojin laiman Amurka da suka yi faɗan La Fière runduna ta 82 ake kiransu. Saurayin da ya kalli finafinan yaƙi irin su Saving Private Ryan, ko yake buga Call of Duty a waya, wataƙila ya taɓa jin labarin sojojin laiman nan. Ka tambaye shi ɗaya runduna ta 82 ɗin, wadda mai yiwuwa kakan wani a unguwarsu yana ciki, ka ji abin da zai ce. Muna wucewa ta gaban barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Arakan da Myohaung da Dodan a Legas, ba mu tambayi daga ina sunayen suka fito ba. Duk daga yaƙin Bama suke. Tsofaffin 'yan mazan jiya da za su ba da labarin sun kusa ƙarewa. Ga shi kuma an shafe shekaru, tun daga zangon karatu na 2009/2010, babu darasin tarihi a matsayin fanni mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, kafin gwamnati ta dawo da shi. Waɗanda suka yi makaranta a wancan tsakanin su ne samarin yau. Ba su tashi da kai fanko ba, wani ya cika musu shi da nasa tarihin. Wannan ne gwanjon da ya fi damuna: mu sa rigar tunawar wasu, tamu tana ninke a adaka asu na ci.

Shi ya sa nake cewa mu rubuta namu takardun fage. Kayan aikin suna nan a ƙofar gida. Akwai zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya karya rundunar da aka haɗo masa a Kafur a 1853, ya rasu a yaƙin Gwaram a 1863. Akwai kwarin Kaladan. Akwai kuma ranar 25 ga Afrilu 1906, ranar da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole suka afka wa birnin Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'arsa da dama, har ake kiransa Mai Shahada.

Mu tsaya a kan 1906 mu ga abin da rubuta takarda ɗaya zai tilasta mana sani. Dole ka zana ganuwa da ƙofofinta yadda suke a lokacin, da fada, da inda kogi ya bi. Wannan kaɗai zai kai ka wajen dattawa da masu kula da tarihin masarauta. Dole ka tambayi me ya sa sai a 1906, alhali Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka yi Burmi a Yuli na shekarar. Amsar za ta kai ka Satiru, inda talakawa suka karya wata tawagar sojan Ingila a Fabrairun 1906, aka dawo aka murƙushe su a Maris, Turawa suka ƙudura ba za su sake barin wani ya ɗaga kai ba. Dole ka ba kowane makami ƙarfinsa na gaskiya: doki da takobi da mashi da kibiya a gefe guda, igwa da bindigar Maxim mai ruwan harsashi a ɗaya gefen. Sannan dole ka ɗora 'ya'yan wasan ɓangaren Turawa, ka tarar Turawan 'yan kaɗan ne, hafsoshi, yawancin masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma gara yaro ya haɗiye ta a gaban malaminsa da ya tashi da tatsuniya.

Wani zai ce to ina amfanin buga wasan da an san ƙarshensa? Masu rubuta takardun fage sun daɗe da warware wannan. Idan ƙarfi bai zo ɗaya ba, ba a auna nasara da wanda ya kori wani. Ana cewa mai rauni ya ci in ya riƙe wuri kaza na tsawon lokaci kaza, ko in ya fitar da mutanensa lafiya. A tamu takardar, ni zan sa ma'aunin ya zama mata da yara da tsofaffi nawa aka samu fitarwa daga birni kafin a kai ga fada. Da haka mun toshe ramin da Turawa suka bari, mun dawo da talaka cikin taswira. Yaron da ya buga wannan zai rabu da cututtuka biyu da ke damun mu in ana maganar zuwan Turawa. Ɗaya ita ce cika baki, a ce da kakanninmu sun so da sun kore su da sanda. Ɗayar ita ce raina kai, a ce ragwaye ne shi ya sa aka ci su. Zai gani da idonsa cewa jarumta tana nan, abin da aka rasa masana'anta ce da haɗin kai, kuma zai tambayi kansa ko yau mun same su.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Hujja ta farko ta addini ce. Yawancin waɗannan wasanni ana jefa ɗan ludo ne a cikinsu don a san ko harbi ya samu, kuma malamanmu sun yi magana mai tsanani a kan wasan da ake jefa irin wannan abu, har shaɗaranji ma Malikiyya ba su sassauta masa ba. Ban zo in yi fatawa ba, wannan fagen malamai ne, kuma ya kamata a kai musu tsarin su duba kafin a shigar da shi makaranta. Abin da zan ƙara shi ne ɗan ludon ba dole ba ne. Su kansu Jamusawan, tun a 1876, wani hafsansu mai suna Verdy du Vernois ya fito da salon da aka ajiye jifa gefe, aka bar hukunci a hannun alƙali masani. Kowane ɓangare ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa, alƙali ya auna ya yanke. Wannan ya fi dacewa da aji, domin yana tilasta wa yaro ya kawo hujja. Kuɗi kuwa ko na sisin kwabo kada ya shiga, kuma in an kira salla a tashi.

Hujja ta biyu ita ce girmamawa: ya za a mai da mutuwar shahidai abin wasa? Wannan ta fi taɓa ni. Amsata ita ce kalmar wasa ce ke ruɗa mu. Abin da nake nufi ya fi kusa da darasin da ake yi da hannu, kamar yadda ake koya wa ɗalibin likitanci da gunkin roba. Kuma akwai iyaka. Kada a sa wani ɗan wasa da sunan Sarki Muhammadu a ce wani yaro ya ci shi yana dariya. A tsayar da fagen kafin a kai nan, malami ya ba da sauran labarin da bakinsa, a yi musu addu'a. In masarauta da zuriyar waɗanda abin ya shafa suka ce ba su yarda ba, a bar 1906 a fara da Kaladan. Amma mu tambayi kanmu wanne ya fi zama rashin girmamawa: yara su zauna suna nazarin ranar, ko su tashi ba su san an yi ta ba?

Hujja ta uku ita ce tsoron tono tsohon miki. Guri gari ne na Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa, kuma kowa ya san yadda rikicin manoma da makiyaya ke tashi a yankin nan, musamman lokacin kaka. Yaƙe-yaƙen Buhari ma abin alfahari ne a wani gida, abin baƙin ciki a gidan maƙwabta da aka kai wa hari. Na yarda da wannan hujja gaba ɗaya a kan abu guda: rikicin da masu shi suke raye, gawarwakinsa ba su daɗe a ƙasa ba, ba a yin fagen yaƙi da shi. Na dā kuwa, dokar da za ta kare mu ita ce wadda masu wannan wasa suka saba da ita: in an gama zagaye a yi musanyar wuri. Wanda ya kai hari ya koma mai tsaron gari. Yaron da ya zauna a ɓangarorin biyu ya fi wuyar zuga a kan wanda waƙar gidansu kaɗai ya ji.

Hujja ta huɗu ita ce wadda na fi ji: mutane na fama da abin da za su ci, kai kana maganar wasa. A nan ne nake ganin dabarar za ta fi yi mana amfani, domin babban abokin gabar Guri a yau ba ya ɗauke da bindiga. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya. Ambaliyar da ke zuwa a lokacinta ta janye a lokacinta ta ragu, ruwa ya koma gudana har da rani, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Wani wuri ruwa ya kwanta a gona ya ƙi tafiya, wani wurin kuma ya daina zuwa. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikin kacalar. A shekarun ruwa mai yawa, irin 2020 da 2022, kowa ya ga abin da ya faru da gonaki da gidaje.

Yanzu a zana wannan a kan kwali: kogin daga Haɗejiya, inda ya rabu zuwa Marma da Burum Gana da tsohuwar hanyarsa, garuruwa irin su Guri da Musari da Lafiya da Margadu da Adiyani, gonakin shinkafa, wuraren su, burtali da mashaya. Mutum biyar su zauna: manomi, masunci, makiyayi, mai unguwa, da jami'in hukumar kogin Haɗejiya da Jama'are mai sakin ruwa. Kowane zagaye wata guda ne. Alƙali ya ce ruwa ya ƙaru kaza. Ma'aikata da buhunan ƙasa ba su isa ko'ina ba, to wace jinga za a ɗaure, wace hanya za a share wa kacala? Wanda ya ɗaure tasa jingar shi kaɗai zai ga ruwan ya koma kan maƙwabcinsa, zagaye na gaba kuma maƙwabcin ya ƙi taya shi. Wanda ya shuka a kan burtali zai ga inda shanu za su bi. Sai a yi musanyar wuri, ɗan manomi ya riƙe sandar makiyayi. A wannan fagen ko a tsira tare ko dara ta ci gida. Ina ganin awa biyu a kan wannan kwali za su koya wa matasa abin da taron bita na kwana uku a otal ba ya koyarwa.

Kuɗin abin kuma bai taka kara ya karya ba. Kwalin taliya da aka buɗe, biro mai launi, marafan kwalba, tsakuwa ko ƙwallon dabino, da takarda guda mai ɗauke da dokoki cikin Hausa. Abin da ke da tsada shi ne gaskiyar da za a zuba a ciki, kuma ita ba a gwanjo ake samunta ba. Tana wajen tsohon masuncin da ya san inda ruwa ke fara fasowa, da Arɗon da ya san tsohon burtali, da malamin tarihi, da jikan ɗan mazan jiya da ke ajiye da lambar yabon kakansa a cikin gwangwani. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu da abin da suka sani.

Don haka ga roƙona ga 'yan wannan zaure. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ɗaliban jami'a da ke zaune a gida lokacin hutu, akwai masu iya zane, akwai waɗanda ke da kusanci da fada. Mutum uku sun isa su fara: ɗaya ya tattaro labari daga bakin dattawa ya gwada shi da abin da ke rubuce, ɗaya ya zana taswira, ɗaya ya tsara dokoki a shafi guda. A gwada da yara goma a makaranta ɗaya, a gyara inda ya karkace, sannan a ɗora takardar a nan kowa ya sauke kyauta. Wanda kuma ya ci karo da tsohon kwalin Turawa a dilar gwanjo, kada ya jefar. Ya kawo mu buɗe mu ga yadda suka jera dokokinsu, mu ɗauki abin da zai yi mana aiki.

Shawarata a fara da fagen ruwa tun da rani, yadda kafin kogi ya kawo yaran sun buga shi sau da yawa. Wa zai ɗauki zanen taswirar?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kare mu daga ambaliya da fitina, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.